BABI NA UKU: TASIRIN KUROMIYAM NA MASANA'ANTUN JIMA NA KANO A KAN KUROMATIN

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda sinadarin kuromiyam, wanda masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa da Bompai suke amfani da shi, yake iya kaiwa ga kuromatin, wato ma'ajiyar bayanan gado da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam. Za a fara da ma'anar kuromatin da ƙirarsa, sannan a dubi yadda yake sarrafa ƙwayoyin gado. Daga nan sai a waiwayi sana'ar jima a Kano da hanyoyin da dagwalonta yake bi, a kuma nuna abin da masana suka gano game da ɓarnar da kuromiyam yake yi. Manufar babin ita ce a nuna cewa sanin yawan kuromiyam da ke cikin ruwa kaɗai bai isa a yanke hukunci a kan haɗarinsa ba, sai an san nau'insa da kuma abin da yake aikatawa bayan ya shiga jiki.

3.1 Ma'anar Kuromatin

Jikin mutum ya ginu ne daga ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin ƙara girman abu. Kusan kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren gado da masana suke kira DNA. A jikin wannan zare ne aka rubuta umarnin ginin jiki da haruffa huɗu na sinadari, waɗanda suke tafiya bibbiyu. Abin da mutum ya gada daga uwa ya kai kimanin tagwayen haruffa biliyan 3, haka ma abin da ya gada daga uba, kuma an rarraba su a kan sanduna 46 da ake kira kuromosom. Yankin zaren da yake ɗauke da umarnin yin furotin guda shi ne za a riƙa kira ƙwayar gado a wannan kundi, kuma mutum yana da kimanin 20,000 daga irinsu.

Idan da za a warware zaren da ke cikin ƙwayar halitta guda a miƙe shi, tsawonsa zai kai kimanin mita 2. Faɗin cibiyar kuwa kimanin kashi 1 cikin 100 na milimita ne, ko ma ƙasa da haka. Ke nan dole a naɗe zaren kafin ya shiga, kuma naɗi mai tsari wanda ba zai sa ya cukurkuɗe ba. Wasu furotin da ake kira histon su ne suke wannan aiki. Haɗuwar zaren gado da histon da sauran furotin da suke manne da su ita ake kira kuromatin.

Wani masani Bajamushe, Walther Flemming, shi ya raɗa wannan suna wajen shekarar 1880, daga kalmar Girkanci mai nufin launi, domin ya ga abin yana kama rini sosai a ƙarƙashin madubi. A shekarar 1884 kuma Albrecht Kossel ya gano histon. Abin sha'awa shi ne, daga wannan kalma ta Girkanci ne sunan kuromiyam ya samo asali, wanda Bafaranshe Louis Nicolas Vauquelin ya gano a 1797, saboda gishirinsa yana zuwa da launuka iri-iri. Tushen suna kawai suka haɗa, amma kamar yadda za a gani a gaba, aikin jima ya sa sun gamu a cikin jikin mutum.

3.2 Ƙirar Kuromatin da Yadda Aka Gano Ta

Fannin ilimin da yake binciken siffar furotin da zaren gado, har ya nuna mazaunin kowane ƙwayar zarra a cikinsu, shi ake kira nazarin ƙirar sinadaran rai. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana cewa DNA tufka ce ta igiya biyu, bisa dogaro da hotunan eksire da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samar a Landan. Sai dai an ɗauki shekara ashirin bayan haka kafin a fahimci yadda ake naɗe wannan tufka.

A 1974 Ada Olins da Donald Olins suka fitar da hotunan kuromatin da aka sassauta, inda ya fito kamar carbi, wato ƙwayoyi a jere da siririn zare a tsakaninsu. A wannan shekarar ce Roger Kornberg, wanda yake binciken bayan digiri na uku a Kambirij ta Ingila, ya bayyana cewa kowace ƙwayar carbin dunƙule ce ta histon 8 da zare ya kewaye. Wannan dunƙule shi ake kira nukiliyosom. Ana iya kwatanta shi da kwarkwaron masaƙi wanda aka naɗa wa zare. Histon ɗin iri huɗu ne, wato H2A da H2B da H3 da H4, kowanne guda bibbiyu. Tagwayen haruffa kimanin 147 ne suke kewaye kowane kwarkwaro, kewayen da ya kai sau ɗaya da kashi biyu cikin uku. Akwai kuma wani histon na biyar, H1, wanda yake riƙe bakin zaren a inda ya shiga da inda ya fita.

Cikakken hoton nukiliyosom bai samu ba sai a 1997, lokacin da Karolin Luger, 'yar ƙasar Ostiriya, da abokan aikinta a ɗakin binciken Timothy Richmond da ke Zurik ta Suwizalan suka fitar da shi. Sun daskarar da nukiliyosom ya zama kamar ƙwayar gishiri, suka haska shi da eksire, sannan suka lissafo ƙirarsa daga yadda hasken ya warwatsu. Ita ma Luger tana matakin binciken bayan digiri na uku ne a lokacin da ta yi wannan aiki, kuma ya ci mata shekaru da dama. Hoton ya nuna abubuwa biyu da suka shafi wannan nazari. Na farko, ƙashin bayan zaren gado, wanda aka gina da fosfet, yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar wanda histon yake ɗauke da shi, shi ya sa suke manne wa juna. Na biyu, kowane histon yana da jela da take leƙowa waje ta tsakanin zaren.

3.3 Yadda Kuromatin Yake Sarrafa Ƙwayoyin Gado

Ƙwayar halittar hanta da ta huhu da ta fata duk zare iri ɗaya suke ɗauke da shi, amma kowace da aikinta. Dalili kuwa shi ne, kowace tana karanta wani yanki ne na zaren, ta bar sauran a rufe. Inda naɗin kuromatin ya yi sako-sako, furotin masu karatu suna samun hanyar isa ga zaren, sai ƙwayar gadon da ke wurin ta yi aiki. Inda kuma naɗin ya yi tsauri, sai ta yi shiru.

Ana buɗewa da rufewa ne ta hanyar liƙa wasu ƙananan alamomi na sinadari. A 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ana liƙa wa histon alamar asetil da ta metil, suka kuma danganta hakan da karanta zaren. Alamar asetil tana rage cajin jelar histon, sai riƙon da ta yi wa zare ya sassauta. A 1996 ɗakin binciken David Allis ya gano furotin mai liƙa asetil, ɗakin binciken Stuart Schreiber kuma ya gano mai cire ta. Ita alamar metil, aikinta ya danganta da gurbin da aka liƙa ta. Idan aka ɗora ta a gurbi na 9 na jelar H3, galibi wurin yakan rufe, idan kuwa a gurbi na 4 ne, alama ce ta wuri mai aiki. Haka kuma ana liƙa metil a jikin zaren kansa, kuma idan ta yi yawa a mafarin ƙwayar gado, sai ta kulle ta.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan alamomi ba sa canza haruffan zaren, amma ƙwayar halitta tana iya gadar da wasunsu ga 'ya'yanta idan ta rabu biyu. Saboda haka duk abin da ya rikita alamomin yana iya kulle ƙwayar gado mai amfani, kamar wadda take gyaran zare ko wadda take hana ƙwayoyi hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Wannan yana daga cikin hanyoyin da ciwon daji yake samuwa.

3.4 Jima da Kuromiyam a Rukunan Masana'antun Kano

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ambaci jemammun fatu da takalma a cikin manyan hajojin birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta yi suna har Turai, inda aka riƙa danganta ta da Maroko saboda ta can fatake suke bi da ita. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, bayan sun yi amfani da toka wajen cire gashi. Bagaruwa tsiro ce, kuma ragowarta tana ruɓewa a ƙasa.

Jimar zamani ta bi wata hanya daban. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da kuromiyam a Amurka, a 1893 kuma Martin Dennis ya sauƙaƙa ta. Tana da sauri ƙwarai, kuma fatar takan fito da laushi da jure zafi, shi ya sa a yau mafi yawan fatar duniya da kuromiyam ake jeme ta. Fatar da ta fito daga wannan mataki takan yi shuɗi-shuɗi tana da danshi. Sai dai fata ba ta shanye duk gishirin da aka zuba. A jimar da aka saba, kimanin kashi ɗaya cikin uku yakan rage a cikin ruwa, kuma idan ba a tace shi ba, da shi dagwalon yake fita.

Kano ita ce cibiyar wannan masana'anta a Nijeriya, kuma kamfanonin fata sun taru ne a rukunai uku. Bompai, wanda ya fi daɗewa, yana arewa maso gabashin birni, kuma ruwansa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su zuba a madatsar Wasai. Sharaɗa da Chalawa suna kudu maso yamma, inda dagwalon Sharaɗa yake bin rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, wanda yake haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa. A bakin waɗannan rafuka manoma suna noman rani na latas da kabeji da alayyafo da karas, waɗanda ake kaiwa kasuwannin birni. Makiyaya suna shayar da dabbobi, masunta kuma suna kamun kifi. Ko da yake kamfanoni da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990, rufewarsu ba ta kawar da matsalar ba, domin kuromiyam ƙarfe ne da ba ya ruɓewa. Abin da ya kwanta a laka yana nan har sai an kwashe shi ko ruwa ya tafi da shi gaba.

3.5 Nau'o'in Kuromiyam Biyu

A muhalli ana samun kuromiyam a manyan nau'o'i biyu, gwargwadon cajin da yake ɗauke da shi. Akwai mai caji uku, wanda gishirinsa kore ne ko shuɗi-shuɗi, da mai caji shida, wanda yake rawaya ko ruwan goro. Da mai caji uku ake jima. Ba ya narkewa sosai a ruwan da ba shi da tsami, yakan manne wa laka, kuma da ƙyar yake ƙetare bangon ƙwayar halitta. Mai caji shida kuwa yana narkewa, yana bin ruwa har cikin rijiya. A 1990 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta Faransa ta sanya mai caji shida a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga mutum, musamman na huhu ga masu shaƙarsa a wurin aiki. Mai caji uku kuwa ta sanya shi a rukuni na 3, na waɗanda ba a sami hujjar yanke hukunci a kansu ba.

Wani zai iya cewa ashe ke nan jima ba ta da laifi. Amsa ita ce, mai caji uku yana iya rikiɗa ya koma mai caji shida. Richmond Bartlett da Bruce James sun nuna a 1979 cewa sinadarin manganis da ke cikin ƙasa mai danshi yana yin wannan aiki. Ƙona tarkacen fata ko busasshiyar lakar dagwalo shi ma yana haifar da shi, musamman idan akwai farar ƙasar da ake cire gashi da ita. Hatta a jikin jemammiyar fata yana iya samuwa idan ba a kula da aikin ba, wanda ya sa Tarayyar Turai tun 2015 ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan mai caji shida ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ashe batun ya shafi kasuwar fatar Kano kamar yadda ya shafi lafiyar mazaunanta.

3.6 Ɓarnar Kuromiyam a Cikin Cibiya

Mai caji shida yana kama da salfet a siffa, shi kuwa salfet abu ne da jiki yake buƙata. Don haka ƙofofin da suke shigar da salfet cikin ƙwayar halitta sukan shigar da shi ba tare da bambancewa ba. Da ya shiga, sai bitamin C da wasu sinadarai na cikin ƙwayar su rage masa caji har ya koma mai caji uku. Wato nau'in da ya kasa shiga daga waje, ga shi ya samu a ciki, kusa da zaren gado. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓarna ta farko a jikin zaren take faruwa. Kuromiyam yana manne wa fosfet ɗin ƙashin bayan zaren, wato wurin da histon yake riƙewa, kuma sau da yawa yakan ɗaure zaren da wani furotin ko wani ƙaramin sinadari. Irin ɗaurin da yake yi wa furotin na fata har ta ƙi ruɓewa, shi yake yi a nan. Binciken Anatoly Zhitkovich na jami'ar Brown ya nuna cewa idan furotin masu gyaran kuskuren haruffa suka ci karo da wannan ɗauri, sai a sami karyewar igiyoyin zaren biyu. Ƙwayoyin da suka rasa wannan tsarin gyara su ne suke tsira daga mutuwa, alhali su ne suka fi saurin tara kurakurai.

Ɓarna ta biyu a kan alamomi take. A 2007 ɗakin binciken Alvaro Puga na jami'ar Cincinnati ya nuna cewa kuromiyam yana ɗaure furotin mai cire asetil da mai liƙa metil a mafarin wata ƙwayar gado, sai ta kasa buɗewa a lokacin da ake buƙatarta. A 2009 ɗakin binciken Max Costa na jami'ar New York ya nuna cewa a ƙwayoyin huhun mutum da aka raina a kwalba, kuromiyam yana ƙara alamar metil a gurbi na 9 na H3, har a mafarin ƙwayar gado ta MLH1, wadda take cikin masu gyaran kuskuren haruffa. Wannan ya dace da abin da likitoci a Japan suka gani tun farkon shekarun 2000, cewa a ciwon dajin huhu na ma'aikatan kamfanin kuromiyam, sau da yawa MLH1 takan yi shiru.

Game da sha kuwa, ruwan tsamin ciki yana mayar da kaso mai yawa na mai caji shida zuwa mai caji uku kafin ya kai hanji, wanda hakan kariya ce. Duk da haka, wani gwaji da gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakonsa a 2008 ya nuna cewa ɓerayen da aka shayar da shi shekara 2 sun kamu da ƙari a baki da ƙaramin hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 0.05 na jimillar kuromiyam a kowace lita ta ruwan sha.

3.7 Abin da Wannan Yake Nufi ga Bincike a Kano

Na'urar da aka fi amfani da ita wajen auna ƙarafa a ruwa da ƙasa da ganye tana ƙona samfurin ne ta auna hasken da ya shanye, don haka jimillar kuromiyam take bayarwa ba tare da rarrabe nau'i ba. Samfuri biyu suna iya ba da adadi ɗaya alhali haɗarinsu ya sha bamban. Akwai gwaji mai sauƙin kuɗi da sinadarin difenilkabazid, wanda yake komawa ruwan hoda mai duhu idan ya gamu da mai caji shida, kuma ɗakin gwaji na jami'a yana iya yin sa. Ya kamata duk mai nazarin Salanta ko Getsi ya haɗa da shi, ya kuma ɗebi samfuri daga wuraren ƙona shara da rijiyoyin unguwannin da ke kewaye.

Mataki na gaba shi ne duba jikin waɗanda abin ya fi shafa, wato ma'aikatan jima da manoman bakin rafi, da yardarsu. Jajayen ƙwayoyin jini suna riƙe kuromiyam ɗin da ya shige su a matsayin mai caji shida, don haka auna su yana nuna nau'in da mutum ya gamu da shi. Daga fararen ƙwayoyin jini kuma ana iya auna ɗaurin zare da furotin da kuma alamar metil.

Ganin ƙirar nukiliyosom kanta yana buƙatar manyan na'urori, kamar madubin lantarki mai daskarar da samfuri, wanda ya jawo wa Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017. Irin wannan aiki ne masu binciken bayan digiri na uku suke yi a manyan ɗakunan bincike na duniya. Amma ƙirar da aka riga aka gano ana ajiye ta kyauta a rumbun bayanan furotin da aka kafa tun 1971, kuma ɗalibi a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello yana iya nazarinta da kwamfuta. Haɗin gwiwa tsakanin waɗannan jami'o'i da cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 ta kuma fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da saƙa a 2009, zai sa sakamakon bincike ya kai ga masu aiwatar da doka.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana kuromatin a matsayin naɗin zaren gado a kan histon, an kuma nuna cewa alamomin da ke jikinsa su ne suke buɗe ƙwayoyin gado ko su rufe su. An ga cewa da kuromiyam mai caji uku ake jima a Sharaɗa da Chalawa da Bompai, amma ƙasa mai manganis da ƙona tarkace suna iya mayar da shi mai caji shida, wanda yake shiga ƙwayar halitta ya ɗaure zare ya kuma rikita alamomi. Saboda haka aka ba da shawarar a riƙa rarrabe nau'in kuromiyam a duk wani awo da za a yi. Babi na gaba zai dubi hanyoyin tace dagwalo da sake amfani da kuromiyam a cikin masana'anta.